Lardi da Yanki a Tarayyar Kanada: Tarihin Ikon Gado da Ikon Aro

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasar Kanada zai tarar an raba ta gida 13. Goma daga ciki ana kiran su larduna, uku kuwa yankuna, wato Yukon da Yankunan Arewa Maso Yamma da Nunavut. A ido ba a ganin wani bambanci, domin kowannensu yana da babban birni da tuta da majalisar dokoki da firimiya. A wajen doka kuwa akwai tazara mai faɗi. Ikon lardi nasa ne, kundin tsarin mulki ne ya ba shi, kuma gwamnatin tarayya ba ta isa ta ƙwace shi ba. Ikon yanki aro ne daga majalisar tarayya da ke Ottawa, kuma wanda ya ba da aro yana iya ƙarawa, yana iya ragewa. Wannan darasi zai bi tarihin yadda tazarar ta samo asali, da abin da ta jawo wa mutanen da ke zaune a ɓangarorin biyu.

Gyara kan kalmomi

Kafin a shiga tarihi, ya kamata ɗalibi ya kiyaye da kalmar lardi. A kunnen Bahaushen Nijeriya, lardi shi ne rabon mulki na zamanin Turawa, kamar Lardin Kano ko Lardin Sakkwato ko Lardin Barno, inda Razdan yake zaune yana karɓar umarni daga Kaduna. Irin wannan lardi ba shi da ikon kansa, kuma darajarsa ta gushe bayan da aka ƙirƙiro jihohi 12 a shekarar 1967. Lardin Kanada ya fi kama da abin da muke kira jiha, har ma ya ɗara jiharmu ƙarfi ta wasu fuskoki. Ita kuma kalmar yanki, wadda Hausa take amfani da ita ga kowane ɓangare na ƙasa, a nan tana ɗauke da ma'ana ta musamman: ƙasar da take cikin tarayya amma ba ta cikin kowane lardi, wadda majalisar tarayya ce mai maganar ƙarshe a kanta.

Tushen lardi: yarjejeniyar 1867

An kafa tarayyar Kanada ranar 1 ga Yuli, 1867, da larduna huɗu: Ontario da Kebek da Nova Scotia da New Brunswick. Waɗannan wurare sun riga tarayyar samuwa. Ƙasashe ne da ke ƙarƙashin Birtaniya, masu majalisunsu da dokokinsu, kuma wakilansu ne suka zauna suka tsara sharuɗɗan haɗewar. Mutanen Kebek, masu magana da Faransanci, ba su yarda su shiga ba sai da aka tabbatar musu cewa harkar iliminsu da dokokinsu na dukiya da gado za su kasance a hannunsu.

Dokar da majalisar Birtaniya ta zartar ta raba iko gida biyu. Sashe na 91 ya ba tarayya tsaro da kuɗin ƙasa da gidan waya da ciniki tsakanin ƙasashe da dokar manyan laifuka. Sashe na 92 ya ba larduna asibitoci da ƙananan hukumomi da dokokin dukiya da tafiyar da kotuna, sashe na 93 ya ƙara musu ilimi. Sashe na 109 kuma ya ce filaye da ma'adinan da ke cikin kowane lardi na lardin ne.

Firaministan farko, John A. Macdonald, ya so larduna su zama ƙananan hukumomi masu biyayya ga Ottawa. Firimiyan Ontario, Oliver Mowat, wanda ya riƙe mulki daga 1872 zuwa 1896, ya ja da shi a kotu sau da dama. Kotun ƙoli ta daular Birtaniya da ke Landan, wadda a lokacin ita ce ƙarshen ɗaukaka ƙara, ta yi ta yanke hukuncin da ya ƙarfafa larduna. A wata shari'a ta 1883 ta ce majalisar lardi tana da cikakken iko a cikin hurumin da aka ba ta, ba wakiliyar kowa ba ce. A 1892 ta ƙara da cewa muƙaddashin gwamnan lardi wakilin Sarauniya ne a lardinsa, kamar yadda Gwamna Janar yake wakilinta a tarayya. Daga nan aka daina kallon lardi a matsayin bawan Ottawa.

Tushen yanki: ƙasar da aka saya

Labarin yanki ya bi wata hanya dabam. Tun shekarar 1670 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin fatauci da mulki a dukkan ƙasar da kogunanta ke kwarara cikin mashigin tekun Hudson. Aka sa mata suna Ƙasar Rupert. Shekara 200 kamfanin yana sayen fatun dabbobi daga hannun 'yan asalin ƙasar. A 1869 ya yarda ya saki ƙasar a kan fam 300,000, tare da riƙe kashi ɗaya cikin 20 na filayen noma masu albarka. Ranar 15 ga Yuli, 1870, aka miƙa ta ga Kanada, aka kira ta Yankunan Arewa Maso Yamma. A 1880 Birtaniya ta ƙara mata tsibiran da ke can ƙuryar arewa.

A wannan ciniki ba a nemi shawarar mazauna ƙasar ba. Jama'ar Metis na Kogin Red, zuriyar auratayya tsakanin Turawa masu fataucin fata da matan 'yan asalin ƙasa, suka tashi a ƙarƙashin jagorancin Louis Riel, suka kafa gwamnatin wucin gadi, suka ce sai an zauna da su. Zaman da aka yi shi ya haifar da lardin Manitoba a 1870. Sai dai lardin ya zo ɗan ƙarami, kuma Ottawa ta riƙe filayensa a hannunta, saɓanin yadda aka yi wa larduna huɗu na farko. Tana bukatar filayen don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa yamma da kuma raba gonaki ga baƙi masu zuwa daga Turai.

British Columbia ta shiga a 1871, Tsibirin Yarima Edward a 1873, dukkansu a matsayin larduna, domin sun zo da gwamnatocinsu. A 1871 kuma majalisar Birtaniya ta tabbatar wa majalisar Kanada ikon yin doka ga duk ƙasar da ba ta cikin lardi, da ikon yanka sababbin larduna daga cikinta. Wannan shi ne tushen dokar yanki har yau.

Bambancin ya taɓa ran mutum a 1885. Bayan tawaye na biyu da Riel ya jagoranta, an gurfanar da shi a garin Regina, wanda a lokacin yake cikin yanki. Dokar yanki ta tanadi mutum shida kawai daga cikin jama'a su taya alƙali yanke hukunci, maimakon 12 da aka saba a larduna. Su shidan duka masu magana da Ingilishi ne, shi kuwa Riel Faransanci ne harshensa. Sun same shi da laifin cin amanar ƙasa, amma sun roƙa a yi masa sassauci. Gwamnatin Macdonald ba ta saurari roƙon ba, aka rataye shi ranar 16 ga Nuwamba, 1885.

Yanki a matsayin zauren jira

A ƙarshen ƙarni na 19 ana ɗaukar yanki a matsayin zauren da ake zama kafin a shiga cikin gida. Idan jama'a suka yi yawa, sai a yanka musu lardi. Baƙi suka yi ta kwarara zuwa filayen yamma, majalisar yankin ta zama zaɓaɓɓiya, kuma a 1897 Frederick Haultain ya zama firimiya mai cikakken ikon naɗa ministocinsa. Duk da haka kuɗi yana hannun Ottawa. Haultain yana ganin makarantu da hanyoyi da gadoji da ake bukata, amma ba shi da ikon cin bashi kamar lardi, ba shi kuma da filin da zai sayar.

Ya nemi a yi lardi guda babba. Firaminista Wilfrid Laurier ya gwammace biyu, don kada a sami lardin da zai yi gogayya da Ontario da Kebek. Ranar 1 ga Satumba, 1905, aka kafa Alberta da Saskatchewan. Su ma aka hana su filaye da ma'adinai kamar Manitoba, ana ba su wani kuɗi duk shekara a madadinsu. Shekara 25 suka yi suna kuka, sai a 1930 aka miƙa wa lardunan uku albarkatun ƙasarsu. Amfanin wannan miƙawa ya bayyana a watan Fabrairu na 1947, lokacin da aka tono man fetur mai yawa a Leduc, kusa da birnin Edmonton. Kuɗin da kamfanoni ke biya a kan man ya shiga baitulmalin Alberta, ya mayar da lardin manoma ɗaya daga cikin mafi arziki a ƙasar. Da an tono man ƙasar tana yanki, da Ottawa ce za ta karɓa.

Yukon kuwa zinariya ce ta haife shi. A 1896 aka gano ta a wani rafi na Kogin Klondike, dubban mutane suka yi tururuwa zuwa garin Dawson, da yawansu Amurkawa. Don kada mulki ya suɓuce, majalisar tarayya ta yanke Yukon ta mai da shi yanki mai zaman kansa ranar 13 ga Yuni, 1898, ta ɗora masa kwamishina.

Abin da ya faru da ragowar Yankunan Arewa Maso Yamma bayan 1905 shi ne mafi kyawun misali na raunin ikon aro. Da aka cire Alberta da Saskatchewan, sai zaɓaɓɓiyar majalisar yankin ta ɓace gaba ɗaya. Mulki ya koma hannun kwamishina, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Ottawa, nisan dubban kilomita daga mutanen da yake mulka. A 1912 aka ƙara yanke manyan ɓangarori aka ba Manitoba da Ontario da Kebek, ba tare da an tambayi mazauna wurin ba, waɗanda yawancinsu 'yan asalin ƙasa ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ba za a iya yi wa lardi haka ba, domin doka ta hana a taɓa iyakarsa sai da yardar majalisarsa.

Dawowar iko zuwa arewa

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka fara juyawa. A 1949 Newfoundland ta shiga tarayya, ta zama lardi na goma kuma na ƙarshe. A 1951 aka fara zaɓen wasu 'yan majalisar Yankunan Arewa Maso Yamma. A 1967 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Ottawa aka kai ta Yellowknife, a 1975 kuma majalisar ta zama zaɓaɓɓiya baki ɗaya. A Yukon, wanda hedikwatarsa ta koma Whitehorse a 1953, sauyin ya zo ne ta hanyar wasiƙa. A 1979 ministan tarayya mai kula da arewa, Jake Epp, ya rubuta wa kwamishinar yankin cewa daga yanzu ta riƙa bin shawarar zaɓaɓɓun ministoci. Abin lura ne a nan: ikon da larduna suka samu a rubuce cikin tsarin mulki, Yukon ya same shi da takardar minista guda.

Jama'ar Inuit, mazauna gabashin arewa, sun ga cewa Yellowknife ma ta yi musu nisa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 1976 suka gabatar da bukatar a yanka musu yankinsu. A ƙuri'ar raba gardama ta 1982 mafi yawan masu zaɓe suka amince a raba yankin biyu. A 1993 aka sa hannu a yarjejeniyar filaye, wadda ta mallaka wa Inuit kusan murabba'in kilomita 350,000, majalisar tarayya kuma ta zartar da dokar kafa sabon yanki. Ranar 1 ga Afrilu, 1999, Nunavut ta tabbata, da hedikwata a Iqaluit. Ma'anar sunan a harshen Inuktitut ita ce ƙasarmu. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan biyu, wato ya ninka Nijeriya fiye da sau biyu. Duk girman nan, doka ce ta majalisar tarayya ta kafa ta, ba a bukaci amincewar ko lardi ɗaya ba.

Sauran abin da ya rage shi ne ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta. An fara haƙar lu'ulu'u a mahaƙar Ekati a Yankunan Arewa Maso Yamma a 1998, amma kuɗin da kamfanoni ke biya Ottawa yake tafiya. Yukon ya karɓi ikon kula da filaye da ma'adinansa a 2003, Yankunan Arewa Maso Yamma a 2014, inda suke riƙe rabin kuɗin ma'adinai zuwa wani iyaka da aka ƙayyade. Nunavut ta sa hannu a irin wannan yarjejeniya a watan Janairu na 2024. Wato abin da Alberta ta samu a 1930, yankunan sun jira fiye da shekara 70 kafin su fara samun kwatankwacinsa.

Bambancin da ya rage a yau

Na farko shi ne gyaran tsarin mulki. A 1982 Kanada ta karɓo ikon gyara kundinta daga Birtaniya. Ƙa'idar da aka sa ita ce, yawancin gyare-gyare suna bukatar majalisar tarayya da larduna bakwai cikin goma, waɗanda jama'arsu suka kai rabin jama'ar dukkan larduna. Ba a ƙirga yankuna a wannan lissafi. Bugu da ƙari, sashe na 42 ya sa kafa sabon lardi, da faɗaɗa tsohon lardi zuwa cikin yanki, a ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Ƙofar da Alberta da Saskatchewan suka bi da dokar majalisar tarayya kaɗai, yanzu tana da makullai takwas. Yarjejeniyar Meech Lake ta 1987 ta so ta ƙara tsananta abin, ta ce sai dukkan larduna goma sun yarda. Shugabannin yankuna sun yi tir da ita, domin ba a gayyace su teburin ba. Yarjejeniyar ta rushe a 1990.

Na biyu shi ne shugaban ban girma. A lardi akwai muƙaddashin gwamna mai wakiltar Sarkin Ingila, wanda shi ne kuma Sarkin Kanada. A yanki akwai kwamishina, wanda gwamnatin tarayya take naɗawa. Aikinsu a yau kusan ɗaya ne, wato sa hannu a dokoki da buɗe majalisa da rantsar da ministoci, amma tushen kujerunsu ya bambanta.

Na uku shi ne wakilci da kuɗi. Kowane yanki yana da ɗan majalisar wakilai ɗaya da sanata ɗaya a Ottawa. Tsibirin Yarima Edward, wanda faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 6,000 ba, yana da wakilai huɗu da sanatoci huɗu. A ƙidayar 2021 jama'ar yankunan uku gaba ɗaya sun kai kimanin 118,000, cikin kusan miliyan 37 na ƙasar, alhali suna zaune a kan kusan kashi 40 cikin 100 na faɗinta. Garuruwan Nunavut ba su da hanyar mota da ta haɗa su da kudu, sai jirgin sama, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke. Saboda tsadar gudanar da mulki a irin wannan wuri, mafi yawan kuɗin da gwamnatocin yankuna ke kashewa daga tarayya yake zuwa, ta wani tsari na musamman da ya bambanta da na larduna. Wannan ne ya sa ko a arewan ma ba kowa ke ɗokin zama lardi ba, domin sunan lardi zai iya zuwa da ragin tallafi.

Na huɗu shi ne salon mulki. Yukon yana da jam'iyyu kamar larduna. A Yankunan Arewa Maso Yamma da Nunavut kuwa kowane ɗan takara da ƙashin kansa yake tsayawa, sannan zaɓaɓɓun su zaɓi firimiya da ministoci daga cikinsu. Mutanen wurin suna ganin wannan ya fi dacewa da al'adarsu ta shawara da sulhu.

Misali daga gida

Ɗalibin da ya san Nijeriya yana da abin kwatance a kusa. An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja, da dokar soja a 1976, aka kuma mayar da fadar gwamnati can a Disamban 1991. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokoki ta kanta. Majalisar tarayya ce take yi mata doka, shugaban ƙasa ne yake naɗa mata minista, kuma sanata ɗaya gare ta alhali kowace jiha tana da uku. Dalilin ya bambanta da na Kanada, domin an keɓe Abuja ne don ta zama ta kowa, su kuwa yankunan Kanada ragowar ƙasar da aka saya ce. Yankunan Kanada sun ma fi Abuja 'yancin gudanar da harkokinsu, tunda suna zaɓen firimiyoyinsu. Abin da ya haɗa su shi ne, a duka biyun maganar ƙarshe tana hannun majalisar tarayya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa girman ƙasa ba shi ke sa ta zama lardi ba, da Nunavut ta riga kowa. Abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya shigo tarayya. Waɗanda suka zo da gwamnatinsu sun yi ciniki, sun rubuta haƙƙinsu a cikin tsarin mulki. Waɗanda aka miƙa ƙasarsu ba da shawararsu ba sun yi ta karɓar iko kaɗan-kaɗan, daga 1951 har zuwa yau. Yanzu firimiyoyin yankuna suna zama tare da na larduna a majalisar firimiyoyi da aka kafa a 2003, suna tafiyar da makarantu da asibitoci kamar kowa, kuma da wuya a sami gwamnati a Ottawa da za ta yi gangancin maimaita abin da aka yi a 1905. Amma ranar da za a sake taɓa tsarin mulkin Kanada, larduna goma ne za a ƙirga ƙuri'unsu. Saboda haka, duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da waɗannan kalmomi biyu a karatunsa, ko a wace tarayya ce, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce: wa ya ba wannan gwamnati ikonta, kuma wa zai iya karɓe shi?